Filin Mata: Kada Tsada Ta Zaunar Da 'Yarki Gida

Makon jiya na sami takarda daga wata uwa a Ɗan Isa. Ta ce 'yarta ta gama shekara ɗaya a wata jami'ar kuɗi can nesa, ga shi kuɗin ya fi ƙarfinsu. Ta sayar da tumakinta biyu, ta ɗebe adashinta, duk bai kai ba. Yanzu maigida ya ce yarinya ta dawo gida a yi mata aure. Tana tambaya ko da wata dabara.

To, 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kome ya yi tsada, har jami'o'in gwamnati sun ƙara kuɗin rajista. Amma duk da haka sun fi na kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba. Dabarar ita ce yarinya ta canja jami'a. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne. Sa'ad da yaƙi ya tashi a Sudan cikin Afrilu 2023, aka kwaso ɗalibanmu daga Khartoum, ta wannan hanya aka nema musu gurbi a jami'o'in gida.

Mu kam Allah ya yi mana gata. Ga Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013. Ga ta jiha a Talata Mafara. Ga kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tun 1975 take.

Sai dai fa a bi a hankali, gama tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. Da fari, kada yarinya ta bar inda take sai sabuwar jami'a ta ba ta takardar karɓa a hannu. Na biyu, a tabbata akwai irin karatun da take yi a can, kuma hukumar jami'o'i ta amince da shi. Na uku, a biya tsohuwar makaranta bashinta, don ba ta sakin takardar sakamakon jarrabawa sai an biya, ba kuwa mai karɓar ɗalibi ba tare da ita ba. Na huɗu, lalle canjin ya bi ta hannun hukumar JAMB, in ba haka ba sai an zo tafiya bautar ƙasa a ga babu sunanta.

Sa'an nan ku zauna da maigida ku yi lissafi da alƙalami. Watakila a mai da ita baya shekara guda. Ku sa wannan cikin lissafi, da kuɗin mota, da na ɗaki, da na abinci. Yarinyar da ke Gusau ana iya aika mata da gero da kuka da daddawa daga gida, wannan ma ragi ne babba. Amma araha kada ta rufe mana ido. Ba mu manta da ɗaliban da 'yan bindiga suka sace daga gidajen haya a Sabon Gida cikin Satumba 2023 ba. A yi ƙoƙari a nema mata ɗaki cikin makaranta, tafiya kuma a yi ta da rana.

Wani abu kuma, tun 2024 gwamnati ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, watau NELFUND. Babu ruwa a kansa, ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, amma ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai ake ba.

Ku kuma 'yan makaranta masu shirin fita sakandare, ku dubi aljihun iyayenku tun kafin ku cika takarda. Wadda ta yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda, in ta ci da kyau, tana iya shiga jami'a daga aji biyu. Ba abin kunya ba ne.

'Yar'uwa, ki samu maigida bayan ya ci tuwon dare ya huta, ki karanta masa wannan cikin ladabi. Aure ba laifi, amma da karatu a hannu ya fi daɗi. Allah ya shirya mana zuriya, amin. Sai mako mai zuwa.