Zancen Gida: Saurayin da Ya Kasa Faɗa



A Tudun Wadan Zariya, inda ɗaliban Kongo suka yi yawa, da wuya ka sami saurayi ko budurwa da ba ta da fim ɗin soyayya a cikin waya. Mu manya mukan ce ɓata lokaci ne. Amma kafin mu yi faɗa, bari mu duba abin da suke kallo.

Tun da 'yan Tumbin Giwa suka yi "Turmin Danya" a Kano a 1990, finafinan Hausa suke ta ba da labarin aure. A cikin "In Da So Da Ƙauna" na Ado Ahmad Gidan Dabino, 'yar mai kuɗi ce ta so ɗan talaka, danginta suka ƙi. Wato abin da ya tare hanya daga waje yake.

Yanzu kuwa akwai ƙananan finafinai na ban dariya waɗanda ƙananan kamfanoni suke yi, inda abin da ya tare hanya yana cikin zuciyar saurayin. Ga misali "The Big Sick" na Amurka, 2017. Kumail Nanjiani da matarsa Emily Gordon ne suka rubuta shi daga labarin kansu. Iyayensa mutanen Pakistan ne, suna ta kawo masa 'yan mata gida domin ya zaɓa. Shi kuwa yana son wata baturiya, amma tsoro ya hana shi faɗa musu. Sai da ciwo ya kwantar da ita a asibiti, ba ta san inda take ba, sa'an nan ya faɗi gaskiya.

'Ya'yanmu suna dariya, gama sun ga kansu a ciki. Da yawa sun gama karatu, ba aiki, ga kuɗin aure ya yi nauyi. Wani yana da wadda yake so shekara uku, ubansa bai sani ba.

Ya ku iyaye, in ɗanku yana jin tsoron kawo muku zancen nan, wa zai ba shi shawara? Ku zauna ku kalli fim ɗaya tare. In ya ƙare, ku tambaye shi, "Kai fa, da me za ka yi?" Ku bar shi ya gama magana tukuna.

Ku kuma samari, ɓoyewa ba ta rage nauyi. Rana ba ta ƙarya. Kada ku riƙe 'yar mutane shekara da shekaru ba ta san matsayinta ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda.