Saƙon Kirsimeti: A Riƙa Ba Mu Rasit A Tasha

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi albarkacin bakina game da wani abu da ke ci mana tuwo a ƙwarya duk ƙarshen shekara, wato yadda ake aika kaya da saƙo ta tashar mota a lokacin bikin Kirsimeti.

Ni manomi ne a yankin Saminaka, ina noma masara da wake da ɗan barkono. Idan rani ya yi kuma ina taɓa 'yar tireda, ina sayar da takalma da kayan yara. Masu sayen kayana a watan Disamba yawancinsu maƙwabtana ne Kirista, mutanen da muka tashi tare muke cin kasuwa ɗaya. Saboda haka duk da ni Musulmi ne, cinikin Kirsimeti shi ne rabin abincin gidana na rani.

Malam Edita, bari in fara da abin da ya same ni bara. Na sayar da masara na haɗa kuɗi, na tura wa wani abokin cinikina a Aba ya sayo mini takalman yara kwali biyu. Ya saya, ya kai tasha, ya ba wani direba mai zuwa Jos, ya turo mini lambar wayarsa. Shi ke nan, babu takarda babu shaida. Da direban ya iso Jos sai ya ga fasinja sun yi dafifi suna jiran motar kudu, ya sauke kwalayen ya bar wa wani ɗan kamasho, ya yi lodi ya juya. Na buga waya har na gaji, wani lokaci a kashe, wani lokaci ya ce yana tuƙi. Shi ɗan kamashon kuwa ban san sunansa ba balle lambarsa. Sai da na bar aikina na tafi Jos da kaina, na bi rumfa rumfa, kafin na tarar da kayan a wani lungu an jibga buhunan wani a kai. Ran nan 28 ga Disamba. Wa zai sayi takalmin Kirsimeti bayan an gama Kirsimeti? Da Allah bai sa Sallah ta biyo baya na rage wasu ba, da jarin ya tafi ke nan.

Ban rubuto don in ci mutuncin direbobi ba. Gaskiya ita ce ba don su ba da talakan ƙauye bai aika ko allura ba. Kamfanonin kai saƙo na zamani suna ba da rasit da lamba wadda za ka riƙa bin kayanka da ita a waya, amma ofisoshinsu a manyan birane suke, kuma awo suke yi su caji mutum da nauyi. Wa zai kai musu buhun wake ko kejin kaji? Gidan waya kuma, wanda iyayenmu suka saba da shi, yau mutanen ƙauye da yawa ko tuna shi ba sa yi. Sai tasha ta zama ita ce gidan wayar talaka. Matsalar ita ce duk harkar a kan amana kaɗai take tafiya, amana kuwa ta fatar baki idan kaya suka yi yawa ba ta iya ɗauka.

To me ya sa abin ya fi lalacewa a Disamba? Na yi tunani, na kuma tambayi direbobin garinmu, ga abin da na fahimta.

Na farko, a makonni biyu kafin ranar 25 ga wata kowa gida yake nufa. 'Yan kasuwa Inyamurai da ke Sabon Garin Kano da Kaduna da Jos suna tafiya gabas da iyalansu da kayansu, mutanen kudancin Kaduna da Filato da ke aiki a Legas da Abuja su ma suna dawowa. Fasinja yana da baki, zai yi faɗa a kan jakarsa. Saƙo kuwa ba shi da baki. Idan wuri ya ƙure, kayan wanda ba ya nan ake saukewa.

Na biyu, lokacin ya haɗu da kaka. Wake da shinkafa da doya da albasa da barkono, ga awaki da kaji da shanu, duk suna gangarawa kudu domin biki, zuwa kasuwanni irin su Mile 12 a Legas da Bodija a Ibadan da Anacha da Fatakwal. Motocin ba su ƙaru ba, kayan ne suka ninka, don haka mai mota shi ke yanka farashi yadda ya so.

Na uku, hanya. Duk wanda ya saba bin Abuja zuwa Lokoja ya san yadda motoci ke cushewa a wajen Koton Karfe da gadar Murtala a ƙarshen shekara, domin nan ne maƙogwaron da ya haɗa arewa da kudu. A Anacha ma haka aka daɗe ana kwana a kan gada, har sai da gwamnati ta buɗe gadar Neja ta biyu na wucin gadi ranar 15 ga Disamba 2022 saboda matafiyan Kirsimeti, kafin a ƙaddamar da ita a watan Mayu 2023. Wannan ya nuna hukuma ma ta san da matsalar. Ga shingaye a hanya ba iyaka, ga hazon hunturu, ga direba yana so ya yi sawu biyu a inda ya saba yin ɗaya. Shi ya sa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa take ta gargaɗi duk shekara tun daga watan Satumba. Tumatir ko kaza da suka kwana biyu a cunkoso ba sai na faɗa muku yadda za su isa ba.

Na huɗu, man fetur. Kafin Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Tun daga nan kuɗin aika saƙo bai koma yadda yake ba. A Disamba 2023 gwamnatin tarayya ta rage wa matafiya rabin kuɗin manyan motocin safa a wasu hanyoyi, ta kuma ce a hau jirgin ƙasa kyauta daga 21 ga Disamba zuwa 4 ga Janairu. Madalla, an kyauta. Amma wannan sauƙi na fasinja ne, ɗan tireda mai aika kwali biyu bai gani a ƙasa ba.

Malam Edita, fetur da hanya sun fi ƙarfina. Amma akwai abin da ba ya buƙatar miliyoyi, littafi ne da biro kawai. Ina kira da babbar murya ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta ƙasa, tun daga jiha har reshen ƙaramar hukuma, su sa doka cewa duk saƙon da ya shigo tasha sai an rubuta shi: sunan mai aikawa, sunan mai karɓa da lambar wayarsa, irin kayan, lambar mota da sunan direba. A yaga rasit a ba mai kaya. Idan za a sauya wa kaya mota a tsakiyar hanya, kamar yadda aka yi wa nawa a Jos, wanda ya karɓa ya sa hannu a littafin wannan tasha. A kuma ware rumfa guda mai ƙofa da kwaɗo domin ajiyar saƙo. Tunda ana karɓar kuɗin kamasho a kan kowane lodi, ai ba abin kunya ba ne mu nemi takarda. Ko naira ɗari aka ɗora a kan rasit ɗin, wallahi za mu biya da murna. Wannan kariya ce ga direban kirki ma, domin sau da yawa akan yi masa sharrin ya cinye kayan da bai ma gani ba.

Haka kuma ina roƙon hukumar gidan waya ta ƙasa, wato NIPOST, ta dubi wannan kasuwa da ke gabanta. Tana da gine-gine a garuruwa da yawa inda kamfanoni ba su kai ba. Me zai hana a mai da su wurin karɓa da ajiye kayan ƙananan 'yan kasuwa, ko da a watan Disamba ne kaɗai?

Ku kuma 'yan uwana manoma da 'yan tireda, mu ma da namu laifin. Mukan zauna sai biki ya rage kwana biyar sannan mu tashi neman kaya. Idan kana sammako wani a tafe ya kwana. Kayan Kirsimeti ya kamata a ce sun iso shago kafin 10 ga Disamba. Mu riƙa haɗa kai mutum biyar ko shida mu yi odar kaya tare, mu wakilta mutum guda ya bi motar, mu raba kuɗin. A rubuta suna da lambar waya da manyan baƙaƙe a jikin kwali ta kowane gefe, a ɗauki hoton kayan da lambar motar da waya kafin ta tashi. Kada a biya kuɗin mota duka sai kaya sun iso hannu. Kada kuma a cusa kuɗi ko waya a cikin buhun hatsi a ɓoye wa direba, domin idan suka ɓata ba ka da bakin magana. Abin da zai ruɓe ko mai rai kuwa, in ba za ka bi shi da ƙafarka ba, gara ka sayar a kasuwar gida ko da riba kaɗan ce.

Daga ƙarshe ina yi wa maƙwabtanmu Kirista fatan a yi biki lafiya, matafiya kuma Allah ya kai kowa gidansa lafiya. Allah ya ba shugabanninmu ikon jin kukan talaka, amin. 

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Saminaka, Ƙaramar Hukumar Lere,
Jihar Kaduna.