Shirun Tsirya

Yara, kun san tsirya. Ita ce koriyar tsuntsuwar nan mai jan baki da doguwar wutsiya, wadda ke ratsa sama da sassafe tana ƙara. Tsawonta ya kai santimita 40, amma fiye da rabi wutsiya ce. Namijin yana da baƙin zare da ja-ja a wuya, kamar an sa masa sarƙa. Shi ya sa da faransanci ake ce mata perruche à collier. Ana ganinta bisa gawo da tsamiya, daga Tasawa har Mayahi, musamman a bakin Gulbin Kaba.

Akwai ɗaya a gidana. Shekara 6 ke nan muna tare. Ina son ta ƙwarai. Duk da haka, in wani cikinku ya tambaye ni ko ya ajiye tsirya a gida, sai in ce masa a'a. Ku saurara ku ji dalili.

Ba sayen ta na yi ba. Wani ɗan ajina ne ya hau tsohon gawo, ya sare bakin kogo da gatari, ya ciro ɗiyan tsirya biyu, ko gashin kirki ba su yi ba. Ya ba su tuwo. Kwana uku, ɗaya ta mutu. Ya kawo mini ta biyun cikin kwali, ya ce: "Mushe, ga ta, kada ita ma ta mutu a hannuna." Na tura shi ya mai da ita, amma kogon ya lalace, iyayen kuma sun tafi. Sai na riƙa ba ta kunun hatsi mai ɗumi da ƙaramin cokali, safe da rana da maraice, har ta iya fasa ƙwaya da bakinta.

Zama da tsirya akwai daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Ta san tafiyata. In na dawo daga lakwal sai ta hau kafaɗata, ta ja kunnena. Tana riƙe gujiya da ƙafa ɗaya kamar mutum da hannu. Ta koyi busar da nake yi, har tana ruɗin karen maƙwabta.

Amma a hutun damina na farko wani abu ya faru. Yara sun watse, ni kuma ina gona tun safe har la'asar. Tsirya ta rage ita kaɗai cikin keji. Sannu-sannu ta bar kuka. Baƙi suna zuwa suna cewa: "Malam, ka yi dace, tsiryarka ta san ladabi, ba ta damun kowa." Na ji daɗin maganar. Sai wata safiya na tarad da gashi kore birjik a ƙasan keji. Ita ce ke tsige gashin ƙirjinta da kanta.

A nan na gane kuskurena. Hausawa sun ce shiru ma magana ce. Tsirya tsuntsuwar taro ce. A daji tare suke kiwo, tare suke zuwa ruwa, tare suke kwana bisa icce ɗaya. Kukan da muke ce wa surutu, shi ne gaisuwarsu da kiran junansu. Tsirya mai lafiya tana kuka safe da maraice. Wadda ta yi tsit, ta kumbura gashi, ta lumshe ido da rana tsaka, ba ladabi gare ta ba. Ko dai ciwo take, ko kewa ta kama ta. Wanda ke neman tsuntsu marar kuka, to, ba tsirya yake nema ba.

Za ku ce: "To, Mushe, don me ba ka sake ta ba?" Na so in yi haka. Amma tsuntsuwar da ta tashi a hannun mutum ba ta san inda ake samun ruwa da rani ba, ba ta san shaho ba, ba ta gudun mussa. Sakin ta a yanzu kamar a kai jinjiri daji ne a ce ya nemi abinci. Tsirya kuwa tana iya yin shekara 20 ko fiye a gida. Ku lissafa: in ɗan shekara 10 ya ciro ta yau, sai ya yi aure ya haifu tana nan tana jiran hatsi daga hannunsa. Wasan yini ɗaya ya zama amanar shekara 20.

Na san akwai masu wani ra'ayi. Wasu suna cewa: "Ai muna kiwon tantabara, mene ne bambanci?" Bambancin babba ne. Tantabara a gida take ƙyanƙyashe, ta tashi ta yi yawonta, ta dawo da kanta. Ɗiyar tsirya kuwa daga kogon uwarta aka ɗauko ta. Uwar takan yi ƙwai 3 ko 4, ta kwanta bisansu wajen mako 3, su biyu da namijin su ciyad da ɗiyan wajen mako 7 kafin su tashi. Hannu ɗaya cikin kogo ya ɓata wannan wahala duka.

Manomi kuma yana cewa: "Tsirya ɓarauniya ce, tana cin zangarniyar dawa." Gaskiyarsa, tana ci. Amma ba ta zuwa dubu-dubu kamar buwa, kuma tsaron gona da gwangwani da ihu aikinmu ne tun kaka da kakanni. Korar tsuntsu daga gona daban, fasa gidansa daban.

Gidan nan nasa shi ne abin tsoro. Tsirya ba ta saƙa sheƙa. Kogon icce take nema, sau da yawa wanda maƙwaƙwafi ya fafe ya bari. Bayan farin 1973 da na 1984 itatuwa masu yawa sun mutu a ƙasarmu, wasu kuma gatari ya cinye su. Daga baya manoman jihar Maraɗi suka kama sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma cikin gona. A shekarar 2009 masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a gonakin Nijar ta wannan hanya. Abin alfahari ne. Sai dai ƙaramin icce ba ya da kogo. Sai gawo ya tsufa kafin ya yi ɗakin tsirya. Kogon da yaro ya sare cikin minti 10, kakansa ma ya tarad da iccensa tsaye.

Ku dubi abin da ya sami aku, ɗan'uwan tsirya na kurmin kudu. An yi ta kama shi ana sayarwa har ya ragu ƙwarai. A shekarar 2016 ƙasashen duniya suka hana cinikin akun daji tsakaninsu. A nan gida ma, a shekarar 1998 an kafa dokar farauta da kare namun daji, wadda ta ce kamun su sai da izni. Malamanmu kuma sun sha gaya mana labarin matar da aka yi wa azaba saboda mussar da ta tsare, ba ta ciyad da ita ba, ba ta sake ta ba.

Wanda tsirya ta riga ta shiga hannunsa, ga haƙƙinta. Keji ya zama mai faɗi, yadda za ta buɗe fukafukai biyu. A sa shi a inuwa, nesa da hayaƙi, inda mutane ke zama. A sake mata ruwa safe da maraice. A ba ta hatsi da dawa da magarya da mangwaro da gujiya kaɗan, ban da gishiri da yaji. A sa mata reshe ta riƙa gaigaya. A share kashinta kullum, a wanke hannu da sabulu, don busasshen kashin tsuntsu yana iya sa wa mutum ciwon ƙirji.

Tawa ta warke, gashinta ya fito. Yanzu kejinta yana ƙarƙashin bedi a tsakar gida, ƙofa a buɗe in muna nan. Amma duk maraicen da ƴan'uwanta suka ratsa sama za su wurin kwana, sai ta miƙe wuya ta yi wani kuka wanda ba ni na koya mata ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. In kuna son tsirya, ku bar mata gawonta, ku kalle ta daga ƙasa.

Tambayoyi

1. Don me baƙi suka yabi tsiryar malam? Sun yi daidai?
2. Mene ne bambancin tantabara da tsirya?
3. Don me malam bai saki tsiryarsa ba?
4. Ku tambayi wani tsoho a garinku: ina tsirya ke kwana a da, ina take kwana yanzu?