Sharhi: Idan intanet ɗin jami'a ya jawo shari'a a Nijar, wa zai amsa?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, gidaje da dama a Dogon Dutsi, Matankari, Dankasari, Gesheme da Tibiri sukan shiga haɗa wa 'ya'yansu kaya. Wasu Yamai za su nufa, wasu Tawa, wasu su tsallaka iyaka zuwa Sakkwato ko Aliero. Amma jami'ar da ke cikin jiharsu ita ce ta Dosso, kusan kilomita 140 daga Dutsi a kan babbar hanya mai lamba 1. An kafa ta a 2014 tare da jami'o'in Agadas, Difa da Tillaberi, aka kuma ba ta fannin fasahar sadarwa da kwamfuta. A cikin kayan da ake haɗawa yanzu har da kwamfutar tafi-da-gidanka, galibi 'yar gwanjo, wadda wani wa ko kawu ya aiko daga Kwatano, Abijan ko Turai.

Iyaye sukan yi wa yaro nasiha kan abokan banza, kan salla, kan tattalin ɗan kuɗin da aka ba shi. Ba a cika jin wanda ya ja masa kunne kan sunan shiga da kalmar sirrin da zai karɓa don hawa intanet ɗin makaranta ba. Alhali tun daga watan Yunin 2024, wannan 'yar kalma ta yi nauyin da ba ta da shi a da.

Ga yadda aka zo nan. A ranar 3 ga Yulin 2019 Nijar ta samu dokar hukunta laifukan intanet mai lamba 2019-33, wadda ta tanadi ɗauri ga wanda ya ɓata sunan wani, ko ya zage shi, ko ya yaɗa bayanan da ka iya ta da zaune tsaye ta hanyar na'ura. Da ita aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a watan Yunin 2020, kafin kotu ta sallame ta a wata na gaba. A 2022, zamanin Mohamed Bazoum, aka cire hukuncin ɗauri daga laifin zagi da ɓata suna. Sai ga shi a ranar 7 ga Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya rattaba hannu kan dokar da ta maido da ɗaurin, har ta ƙara masa tsanani: shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 ga zagi da ɓata suna, shekara 2 zuwa 5 ga yaɗa abin da aka ga zai dagula zaman lafiyar jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam. Hukumomi sun ce 'yancin faɗin albarkacin baki ba lasisin cin zarafin mutane ba ne. Ƙungiyoyin 'yan jarida da na kare haƙƙi sun ce kalmomin dokar sun yi faɗin da kowa zai iya faɗawa ciki.

Dokar ba ta ambaci ɗalibi daban ba. Amma duk wanda ya san yadda intanet ɗin makaranta ke aiki zai ga inda gizo ke saƙa. Idan mutum ɗari biyu suka hau layin jami'a a lokaci guda, ga wanda ke waje kamar mutum ɗaya ne, domin yawanci da adireshi ɗaya ko kaɗan suke fita duniya. Abin da ke bambanta wane da wane shi ne rajistar da na'urar makaranta ke ajiyewa: wane suna ne ya shiga, da ƙarfe nawa, da wace waya ko kwamfuta. Ranar da mai bincike ya zo neman wanda ya saki wani saƙo daga harabar jami'a, wannan rajistar za a buɗe. Kuma rajista ba ta san fuska ba, suna kawai ta sani.

A nan ne ƙa'idar da kusan kowace jami'a a duniya ke sa wa a kan gaba take karo da yadda ake zama a ƙasar Hausa. Ƙa'idar ta ce kalmar sirrinka taka ce kai kaɗai, duk abin da aka aikata da ita kuma a wuyanka yake. Zaman ɗalibai kuwa zaman ciyayya ne. A ɗauki misalin samari biyar 'yan Arewa da suka haɗu a ɗaki guda na haya a Dosso: tukunya ɗaya, buta ɗaya, caja ɗaya. Alawus ɗin karatu ya yi jinkiri kamar yadda ɗaliban Nijar suka daɗe suna kuka, kuɗin sayen data a Airtel ko Moov ko Zamani ya ƙare. Ƙanin abokinka da bai gama rajista ba ya ce, “Yaya, a ara mini in tura aiki.” Wa zai iya ce masa a'a ba tare da an kira shi marowaci har gida ba? To idan yaron ya gama tura aikin, ya ɗauko wani bidiyo da wani ɗan uwa ya jefo daga ƙasar waje cikin zauren WhatsApp na dangi, ya manna shi a Facebook, sunan mai aron ne zai fito.

Saboda haka takardar ƙa'idoji da ta tsaya ga cewa “an hana” ba ta gama aikinta ba. Jami'ar da ke son a daina aron kalmar sirri sai ta sa samun ta ya yi sauƙi: sabon ɗalibi ya karɓi tasa a makon farko, baƙo ya samu ta wucin gadi, wanda ya manta tasa kada ya yi sati yana sintiri a ƙofar ofis. Inda aka bar kalma ɗaya tana yawo a bakin kowa, ko aka rubuta ta a allo a ɗakin kwamfuta, to ba a kare kowa ba. Ranar da magana ta taso, mai tsaron ɗakin ko wanda aka fi gani a wurin shi zai sha tambaya.

Ɗaya gefen takardar ya fi wannan muhimmanci, kuma shi ne ake yawan tsallakewa. Ƙa'idoji irin waɗannan sukan zayyana abin da aka hana ɗalibi, su yi shiru kan abin da aka hana jami'a. Me ake rubutawa a rajista: lokacin shiga kawai, ko har shafukan da mutum ya buɗe? Wata nawa ake ajiye ta kafin a goge? Wane ne ke da ikon dubawa, kuma da izinin wa? Idan jami'in tsaro ya buga waya yana nema, za a miƙa masa ne ko sai ya zo da takardar alƙali? Nijar ba ta rasa madogara a nan. Tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, wadda aka sabunta a 2022, tana kuma da hukumar HAPDP da aka ɗora wa sa ido a kai. Suna da lokacin shiga da lambar na'ura duk bayanan mutum ne, jami'ar da ke tara su tana ƙarƙashin wannan doka kamar banki ko kamfanin waya. Sai dai tun 2020 akwai kuma dokar da ta ba hukuma damar sauraren sadarwa da sunan tsaron ƙasa. Tsakanin waɗannan dokoki biyu ne ma'aikacin sashen kwamfuta yake tsaye, sau da yawa matashi ne mai ƙaramin matsayi, kuma in babu rubutacciyar ƙa'ida a hannunsa, ba shi da abin da zai nuna wa wanda ya fi shi ƙarfi.

Abin mamaki shi ne ƙungiyoyin ɗalibai, waɗanda suka fi kowa sanin darajar hurumin jami'a. Ƙungiyar USN ba ta manta ranar 9 ga Fabrairun 1990 ba, da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai, haka ma watan Afrilun 2017 da ɗalibi ya rasa ransa lokacin da jami'an tsaro suka shiga harabar Jami'ar Abdou Moumouni. Hurumin da ake kare wa na ƙofa da katanga ne. Rajistar intanet kuwa ana iya kwashe ta a ɗan filash ba tare da takalmi ɗaya ya taka harabar ba. Ya kamata a ce wannan batu yana cikin jerin buƙatun da ake kai wa shugaban jami'a, kusa da abinci da motocin sufuri da alawus.

Maƙwabta sun riga sun ga irin wannan. A watan Nuwamban 2022 aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse a jihar Jigawa kan saƙon da ya wallafa a Twitter game da uwargidan shugaban Najeriya na lokacin, Aisha Buhari. An gurfanar da shi a Abuja, aka sake shi a farkon Disamba bayan an janye ƙarar, lokacin da ƙungiyar ɗalibai ta fara shirin zanga-zanga. Darasin ga ɗan Dutsi da ke karatu a Sakkwato ko Kebbi shi ne, can ma akwai dokar laifukan intanet ta 2015, kuma zama baƙo ba ya rage mata kaifi.

Ba siyasa kaɗai ce ke kai ɗalibi ga matsala ba. Ɗakunan karatu na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin Nijar suna iya samun dubban mujallun kimiyya kyauta ta shirin Research4Life, wanda ya faro da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002. Sharaɗin shi ne mabuɗin shiga na 'yan makarantar ne kawai, kuma ba a kwasar kaya da lodi. In wani ya watsa mabuɗin a zaure, makarantar gaba ɗaya ake iya rufe wa ƙofa, har da mai rubuta kundin kammala karatu da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan hani yana da hujja. Amma labarin Aaron Swartz ya nuna yadda hukunci ke iya zarce laifi: a 2011 aka kama shi a Amurka kan sauke miliyoyin maƙalu daga JSTOR ta layin jami'ar MIT, masu gabatar da ƙara suka tasa shi gaba da tuhume-tuhumen da ka iya kai shi shekaru masu yawa a kurkuku, ya kashe kansa a Janairun 2013 yana da shekara 26. Takardar ƙa'ida mai kyau takan jera hukunci hawa-hawa, daga gargaɗi zuwa dakatar da shiga na ɗan lokaci zuwa kwamitin ladabtarwa inda za a saurari ɗalibi, ta kuma fayyace abin da ake gamawa a cikin gida da abin da dole ya fita.

Wani zai ce duk wannan maganar masu wuta ce. Da gaskiyarsa. Daga Agustan 2023 zuwa farkon 2024, da Najeriya ta yanke lantarkin da ke bi ta layin Birnin Kebbi zuwa Dosso da Yamai saboda takunkumin CEDEAO, tambayar ɗalibi ba ta wuce inda zai yi caji ba. A 2021 ma, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, kwana goma aka yi ba intanet a wayoyi. Amma ƙarancin ne ma ke sa rabo ya zama dole. Layin da bai da faɗi, in mutum biyar suka kwana suna sauke finafinai, ajin safe ba zai buɗe ko shafi ɗaya ba. Shigowar Starlink Nijar a 2025 na iya rage wannan cunkoso ga makarantar da ta iya biya, sai dai bai taɓa batun rajista ba ko kaɗan.

Saura harshe. A jami'o'in Faransa, inda tsarin na Nijar ya ɗauko abubuwa da yawa, ɗalibi yakan amince da irin wannan takarda kafin a buɗe masa shiga, kuma da Faransancin lauyoyi ake rubuta ta. Kwafo ta kai tsaye shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma hanyar da za a sa hannu ba a karanta ba. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Shafi ɗaya da Hausa da Zabarmanci, manne a ƙofar ɗakin kwamfuta, mai faɗin abin da ake rubutawa game da mai shiga da wanda zai iya gani, bai fi ƙarfin jami'ar da aka kafa domin fasahar sadarwa ba.