Zauren Uwargida: Na'urar Nuna Hanya Da Tafiyar Iyali

A wannan watan za mu bar kicin mu shiga mota. In tafiyar Sallah ta tashi, ko biki ko gaisuwar rasuwa, galibi maigida ne ke tuƙi, uwargida na gefensa da waya a hannu tana gaya masa abin da taswira ta ce. Wasunmu ma su ke tuƙa kansu, ga yara a baya. To tunda aikin ya faɗo hannunmu, ya kamata mu san abin da muka riƙe.

Abin da ake kira GPS taurarin ɗan'adam ne mallakar ma'aikatar tsaron Amurka. An harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Sun kai kimanin 30, suna can sama da nisan kilomita 20,200, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a kwana guda, yana aiko da saƙon lokaci da inda yake. Da zarar wayarki, ko na'urar mota irin su Garmin, ta kama saƙon huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda kike, kuma a fili kuskurenta ba ya wuce 'yan mitoci. Rasha da Sin da Tarayyar Turai duk suna da nasu.

Ki lura da wani abu a nan: na'urar karɓar saƙo kawai take yi, ba ta aikawa. Ba ta buƙatar kati ko data kafin ta san inda kike, taswirar ce ke buƙata. Shi ya sa yake da kyau tun daga gida ki sauke taswirar yankin da za ku bi ta zauna a cikin wayar, Google Maps tana da wurin yin haka. Amma kuma in mota ta lalace a daji inda babu sabis, wayar ta san inda kuke, na gida ba su sani ba. A 2009 wata uwa a Amurka ta bi na'urarta ta shiga wata tsohuwar hanya a hamadar Death Valley, motar ta kafe, sai bayan kwanaki aka same ta da rai, ɗanta kuwa ya riga ya rasu.

Taurari lissafi suke yi, taswira kuwa mutane ne ke zana ta, kuma ba kullum suke sabunta ta ba. A watan Nuwamba 2024 wasu mutum uku sun rasu a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, suna bin taswirar waya da dare za su biki, motarsu ta faɗo daga kan gadar da ambaliya ta cinye wani sashenta. Mu da kusan kowace damina sai ruwa ya yanke wata hanya a Jigawa ko Bauchi ko Yobe, wannan labari ai ba na nesa ba ne.

Sai babbar damuwata, tsaro. Ita na'ura hanya mafi sauri take nema. Hanyar Birnin Gwari ta yi shekaru matafiya suna gudunta saboda 'yan bindiga, amma a fuskar waya layi ce kamar kowace. Ba ta san dajin da ba a shiga bayan La'asar ba. Direbobin tasha sun sani, haka ɗan'uwan da kuka nufa gidansa. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, sai dai mazajenmu, Allah Ya bar mana su, wani ya gwammace ya yi ta zagaye da ya sauke gilashi ya yi tambaya. Ki lallaɓa shi a kira mutanen garin tun kafin a fita. In kuma wayar ta ce ku sauka daga babban titi ku yanke ta wata ƙaramar hanya don ku rage minti 20, gaskiya ni ban ga ribar ba.

Kafin a tayar da mota, bayan addu'ar tafiya, a rubuta inda aka nufa, a duba sunan da kyau, don akwai Sabon Gari da Tudun Wada a gari fiye da goma. Ki tura wa wata 'yar'uwa inda kuke ta WhatsApp, akwai zaɓin da za ta riƙa ganin motsinku har tsawon awa 8, ki kuma faɗa mata lokacin da kuke sa ran isa. Taswira na shan caji ƙwarai, kar a manta da cajar mota. Wayar kuma ta zauna a hannunki, mai tuƙi ya ji da titi. In ke ce kan sitiyari, ki kafa ta a gabanki, ki buɗe muryar.

Masu niyyar Hajjin bana, tantunan Mina kamarsu ɗaya. Da isarki ki sa alamar tantinku a taswira, ki kuma rubuta lambarsa a takarda ki soke a jaka, saboda zafin Makka kan kashe waya.

Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.