Daga Allon Zayyana Zuwa Gaɓar Binuwai



Shekaru da dama ke nan ina riƙe da alƙalamin dattijon al'ummarmu a nan Garwa. Ni ke rubuta wasiƙunsa, ni ke ajiye takardun sulhu da na gado. Abin da mutane kaɗan suka sani shi ne, bayan la'asar, in babu zama a zaure, nakan ɗauki kwali da 'yan kwalaben launi in gangara gaɓar Binuwai in zana ruwa da duwatsun Tingilin. Ban taɓa durƙusawa gaban malamin zane ba. Abin da ya sa na yi maganar yau shi ne, makon jiya wani maƙwabcina ya kekketa littafin ɗansa don ya tarar da zanen gada da itatuwa a ciki. Ya ce aikin banza ne, kuma yana tsoron haram. Ina girmama tsoronsa, amma ina ganin ya yi gaggawa.

Mu fara da hukunci, domin shi ne gaba da komai. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar yin surori ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, neman fatawa. Ya tsoratar da shi game da suranta mai rai, sannan ya yi masa izinin zana itace da duk abin da ba shi da rai. A kan wannan na tsaya. Kowa ya san akwai dorina a koginmu, amma ba za ka same ta a kwalina ba, kuma jirgin kwale-kwalen da na zana a ɗaure yake, babu kowa a ciki.

Hannuna a makarantar allo ya faɗa. Da na kusa sauka, na zauna kusa da mai zayyana ina kallon yadda yake raba allo gida-gida, yana haɗa tawada da ƙaro. Daga baya na gwada shuni don sama, jar ƙasa don tudu, gangamau don ciyawar kaka. Na ɓata kwalaye ba adadi kafin in gane ruwan kogi ba shuɗi ba ne: da damina ja ne kamar kunun kanwa, da rani kuwa launin sama yake ara. Na taɓa zana gawo da ganye shar a tsakiyar damina, wani manomi ya yi mini dariya, ya ce gawo da rani yake ganye. Na kai shekara arba'in ina wuce itacen nan ban gan shi ba. Wanda ya koyi zane da kansa ba shi da malami sai halittar da ke gabansa, kuma dole ya ƙura mata ido da ladabi. Ni a wurina wannan shi ne tafakkurin da aka karantar da mu, ya sauko daga baki zuwa yatsu.

Akwai kuma batun shaida. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, kogin ya daina malala kamar da. Fadamun masakwa da na sani ina yaro sun ragu, tashar da iyayenmu suka ga jirage daga Najeriya suna lodin auduga da gyaɗa ta yi tsit. Na zana wa dattijonmu tsohuwar gaɓar daga abin da na tuna. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, giginyoyin nan uku ne, ka manta ɗaya." Na koma na ƙara ta. Mu da har yau akan kira mu baƙi, alhali a nan aka binne kakanninmu, sanin yawan giginyar gaɓa ma hujja ce cewa ƙasar nan ta san mu, mun san ta.

Ban musa cewa zane na iya cinye lokacin yaro ya shagaltar da shi daga karatu ba. Maganin wannan shi ne a sa masa iyaka, a nuna masa abin da ya halatta, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka yaga littafin, ba a raba shi da zane ba, an dai koya masa ɓoyewa.

Na je na sami maƙwabcin nawa da wannan magana. Ya yi shiru, daga baya ya amince in saya wa yaron sabon littafi, da sharaɗin sai ya ba da haddarsa kafin ya taɓa shi. Ranar Alhamis, da yake babu makaranta, tare za mu sauka gaɓa.

Allah ya buɗe idanunmu ga ayoyinsa, ya shirya mana zuriya. Amin.