Malaman Makin Gaggawa: Wa Ya Ba Ku Jan Biro?

 Yau ba maganar farashin masara ko halin hanyar Tegina zan yi ba. Maganar ƙwallo ce, kuma na san wasu za su ce dattijo ya rasa abin yi. To, a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, domin maganar ta shafi 'ya'yanmu da aljihunmu.

Wata ɗabi'a ta kama gidajen kallonmu da teburan masu shayi. Da zarar an ji kulob ya ɗauki sabon ɗan wasa, tun yaro bai ɗaura takalmi ba, sai ka ga kowa ya zama malamin WAEC. Wannan ya ce A1, wancan ya ce F9, a yi ta rantse-rantse har wani ya fasa kofin shayi. Yanzu kuma samarinmu masu manyan wayoyi sun ƙaro mana wani sabon babi daga Amurka, wai a can ma haka ake yi, saboda haka wayewa ce. Ni kuwa na ce wannan makin na ranar farko duba ne kawai, bugun ƙasa ne da aka sa wa kwat, kuma yana rufa wa waɗanda ya kamata a tuhuma asiri.

Bari in ɗan yi wa wanda bai sani ba bayanin abin da samarin ke nufi. A Amurka akwai irin ƙwallonsu ta zari-ruga, wadda ake sa hular kwano ana karo kamar raguna. Babbar gasarsu ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32. Su ba sa sayen yaro daga makarantar ƙwallo kamar Turai. Duk shekara wajen watan Afrilu ake jera matasan da suka fito daga jami'o'i, ƙungiyoyi su riƙa zaɓa ɗaya bayan ɗaya har zagaye 7, kuma wadda ta zo ta kashin baya a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe. Biki ne na kwana uku; wanda aka yi a birnin Detroit a 2024 ya tara sama da mutum 700,000. Kafin gari ya waye 'yan jarida sun raba wa kowace ƙungiya maki, magoya baya kuma su kama musu: a auna da sunan yaron da aka samu ne, ko da gurbin da ƙungiya ke buƙatar cikewa, ko a jira a ga abin da zai yi?

To ga abin da samarin ba sa faɗa. A 2012 masu raba makin nan sun yi wa ƙungiyar Seattle Seahawks ca, wasu suka ba ta maki mafi muni, musamman saboda ta ɗauki Russell Wilson a zagaye na uku, wai gajere ne. A zaɓen nan ne kuma ta ɗauki Bobby Wagner. Watan Fabrairun 2014 waɗannan yara suna cikin waɗanda suka ɗauko mata kofin Super Bowl da ci 43 da 8. A 2007 kuwa Oakland Raiders ta ɗauki JaMarcus Russell a matsayin na ɗaya a duk ƙasar, aka yi ta guɗa. A 2010 ta sallame shi, bai sake buga gasar ba. Waɗannan fa mutane ne masu faifan bidiyon kowane wasa da yaro ya taɓa bugawa, da likitoci, da agogon auna gudu. Idan su suna faɗuwa haka, ina ga ni da kai da muka ga yankin bidiyo na minti biyu a waya?

Kada ma mu je da nisa. Ahmed Musa namu ne, kowa ya san shi. A kakar 2009/2010 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18, ya karya tarihin 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. A 2016 Leicester ta saye shi daga CSKA Moscow a kan kuɗin da ba ta taɓa sayen ɗan wasa da su ba a lokacin. A wasan share fage da Barcelona cikin watan Agusta ya zura biyu. Wayyo jama'a, ranar har waɗanda ba su san inda Leicester take ba sun ba ta A1! Ƙarshenta ƙwallo 2 kacal ya ci a Firimiya, a Janairun 2018 aka mayar da shi Moscow aro. Sai masu jan biro suka juya suka ce ai dama ya ƙare. Watanni kaɗan bayan haka ya zura wa Iceland biyu a gasar cin kofin duniya. Mutum ɗaya, ƙafa ɗaya, maki uku cikin shekara biyu, kuma babu ɗaya daga cikin malaman da ya dawo ya karɓi takardarsa ya gyara.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka ne, amma Bahaushen da ya faɗi wannan shi ne kuma ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2015 a ƙasar Chile, Kelechi Nwakali ne aka ba kyautar gwarzon gasa, Victor Osimhen kuma ya ci ƙwallo 10. Arsenal ta ɗauki Nwakali a 2016, 'yan Arsenal na garin nan suka hana mu sakat. Har ya bar ta bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Osimhen ya je Wolfsburg ta Jamus, bai ci ko ƙwallo ɗaya ba, aka tura shi Charleroi ta Beljiyam a 2018. Da an raba maki a wannan shekarar, F9 zai samu. A 2023 shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a Italiya da guda 26, Napoli ta ɗauki kofin da ta yi shekara 33 tana nema, aka naɗa shi gwarzon Afirka. Wace Larabar ce ta nuna wannan Juma'ar?

Sai kuma ɗaya ɓangaren, masu cewa to shi ke nan, a jira sakamako, wanda yaronsa ya yi fice shi ne gwani. Su ma ban yarda da su ba, kuma a nan ne nake so a natsu. Tom Brady, wanda ya ɗauki Super Bowl sau 7, shi ne na 199 a zaɓen shekarar 2000. Ana ta yaba wa New England Patriots wai ta yi hangen nesa. Wane hangen nesa? Ita kanta sai da ta ɗauki 'yan wasa shida kafin ta waiwaye shi. Da ta san abin da ke cikin ƙunshin, za ta bar shi a kasuwa har kusan tashi? Tsintuwa ce ta yi. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar shanu ta Mariga ya san bambancin nan. Wani zai buɗe bakin ɗan maraƙi ya duba haƙori, ya duba kofato, ya tambayi garken da ya fito, ya saya, sai ciwon huhu ya kashe shi da damina. Wani kuma ya sayi ramamme don dillalin surukinsa ne, Allah ya sa ya yi ƙiba. Gobe idan za ka aiki ɗayansu da kuɗinka, wa za ka aika? Ni dai na farkon zan aika, ko da marakinsa ya mutu.

Saboda haka abin da ya cancanci maki shi ne mai zaɓen, da yadda ya yi zaɓen. Me ya sani ranar da ya ɗauki yaron? Sau nawa ya kalle shi yana wasa? Ya tabbatar da shekarunsa? Bayan ya ɗauke shi, ya ba shi fili, ya biya shi haƙƙinsa, ko ya jibge shi a benci da yunwa? Chelsea ta riƙe Kevin De Bruyne da Mohamed Salah a hannunta, ta sake su suka je suka zama abin da suka zama a wasu wurare. Idon da ya gano su ya ci jarrabawa. Hannun da ya kasa rainonsu ne ya faɗi. Mai raba maki ɗaya tal ba zai taɓa iya bambance waɗannan biyun ba.

Yanzu bari in dawo gida, inda abin ke yi mini ciwo. Abu ɗaya da nake sara wa Amurkawa a kai shi ne, zaɓensu a bainar jama'a ake yi. An san wa ya zaɓa, an san na nawa ne, yana nan a rubuce, bayan shekara uku ko huɗu a ciro takarda a kori manaja ko a ƙara masa albashi. Mu fa? Yawancin kulob ɗinmu na gwamnatocin jihohi ne, da kuɗin jama'a ake tafiyar da su. Kaka na ƙarewa sai a ji an sallami 'yan wasa rututu, an kira gwaji, yara ɗaruruwa sun cika fili daga ko'ina, kowa an ba shi 'yan mintoci ya nuna kansa, bayan mako biyu a fito da jerin sunaye. Wa ya zaɓa? Koci ne, ko shugaban hukumar kulob, ko wata 'yar takarda da ta fito daga gidan wani babba? Duk wanda ya daɗe a harkar ya ji labarin 'yar takardar nan. Idan abin ya lalace a kori koci, a rushe hukuma, a naɗa sabuwa, a sake kiran gwaji. Babu littafin da za a buɗe.

Ku tuna 2019. Mu da cibiyarmu ke Kano amma tuwon Neja muke ci, shekarar ta raba mana hankali, domin Kano Pillars da Niger Tornadoes ne suka haɗu a wasan ƙarshe na kofin Aiteo a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. Aka tashi babu ci, Pillars ta yi nasara a bugun fenariti. Tornadoes ɗin nan, wadda ta ɗauki kofin ƙalubale a 2000 bayan ta doke Rangers, ta kuma kai wasan ƙarshe a 2017, a wannan shekara ta 2019 ɗin ce ta faɗo daga babbar gasa. 'Yan wasan da suka kai ta Kaduna su ne suka faɗo da ita. To malaman maki, A1 ne ko F9? Ita Pillars da ta ɗauki gasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta faɗo a 2022. Ban ji ranar da aka zauna a wata majalisa a garin nan aka lissafo waɗanda aka ɗauka a shekarun da suka gabaci faɗuwar, da wanda ya kawo su ba. Amma a tambayi yaro ɗan shekara goma sha biyu nawa Arsenal ta sayi Nicolas Pepe a 2019, zai ce maka fam miliyan 72 ba tare da ya numfasa ba.

Maganar shekaru kuwa abin kunya ce da kowa ya sani. A 2016 yara 26 daga sansanin Golden Eaglets suka faɗi gwajin na'urar MRI da ke duba ƙashin wuyan hannu, ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu, mu da muka ɗauki kofin duniya a 2013 da 2015. Wasu mutane ne suka gayyato yaran nan sansani. Su wa suka ba su maki?

Abin da ke faruwa a ƙasa shi ya fi tayar mini da hankali. Yaro ya ci ƙwallo uku a gasar unguwa, majalisa ta ba shi A1, aka laƙaba masa sunan wani ɗan wasan Turai. Kafin wata ya ƙare ya bar shagon ubangidansa a kasuwa, ya daina zuwa makaranta. Sai wani mai jaka ya ɓullo wai eja ne, yana da hanya a Turkiyya ko Dubai. Na san gidan da aka sayar da buhunan wake na shekara guda da babur aka ba irin wannan mutum. Yaron ya yi wata huɗu a Legas yana jiran biza, ya dawo da jakarsa. Majalisar da ta ɗaga shi ita ce ta fara yi masa dariya. A gefe guda kuma akwai yaron da ya zo gwaji da zazzaɓi a jikinsa, aka ce ba ya da komai, ya rataye takalmi yana ɗan shekara goma sha bakwai. Zaidu Sanusi ɗan Jega ne, nan maƙwabtanmu a Kebbi. Ƙananan kulob na Fotugal ya bi, Mirandela da Santa Clara, kafin Porto ta ɗauke shi a 2020, kuma shi ya ci ƙwallon da ta ba ta kofin ƙasar a gidan Benfica a watan Mayun 2022. Sunansa ba ya cikin waɗanda ake rantsuwa da su a gidajen kallonmu lokacin da yake Mirandela.

Wani zai ce haba Malam, musu ai shi ne gishirin kallo. Ban hana kowa musu ba, ni ma ina yi, kuma 'yan Manchester sun san ba na raga musu. Abin da nake nema ƙarami ne, kuma a hannunmu yake. Masu ƙungiyoyin unguwa na Kontagora, da dattawan da ke sa kofi ana bugawa, da 'yan kasuwarmu da ke sayen riguna da ƙwallo, a sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Duk yaron da aka ɗauka a rubuta sunansa, da shekarunsa na gaskiya kamar yadda iyayensa da makarantarsa suka shaida, da sunan wanda ya kawo shi, da dalilin ɗaukarsa a layi biyu. Duk wanda ya zo da sunan eja a rubuta sunansa da na kulob ɗin da ya ce yana wakilta, da abin da ya karɓa, a gaban shaidu. Bayan kaka uku a buɗe littafin a gaban kowa, ranar sai a kira malaman jan biro su zo da bironsu. Duk ƙungiyar da ta yarda ta fara, kuɗin littafin da na biro yana wuyana, a same ni bayan sallar La'asar.